Shari'ar akor huɗu: abin da kwamfuta ke ji da abin da ke kuɓuce mata

A cikin watan Yuni na shekara ta 2025 kotun ƙoli ta ƙasar Amurka ta ƙi sauraron wata ƙara da aka ɗaukaka gabanta dangance da mawaƙin nan na Ingila, Ed Sheeran. Da haka aka rufe babban babi na wata gardama da ta share shekaru tana yawo cikin gidajen shari'a. Magadan Ed Townsend, mutumin da ya tsara waƙar "Let's Get It On" tare da Marvin Gaye a shekara ta 1973, su ne suka fara kai ƙara, daga baya wani kamfani da ya sayi wani kashi na haƙƙin waƙar ya shigar da tasa. Zarginsu shi ne Sheeran ya ɗebi ginshiƙan waccan waƙa ya gina tasa mai suna "Thinking Out Loud" a shekara ta 2014. Ran 4 ga watan Mayu 2023, a birnin Niyok, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi. Ran 1 ga watan Nuwamba 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta sake wanke shi a ƙarar kamfanin.

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar masu kuɗi ce ta wata ƙasa mai nisa. Amma abin da aka fi jayayya a kansa ɗan ƙarami ne ƙwarai: akor huɗu, da yadda suke faɗowa bisa bugun kiɗa. Kuma kafin alƙali ko kwamfuta su gwada waƙa da waƙa, wajibi ne wani ya mayar da abin da kunne ke ji ya zama rubutu ko lamba. Irin rubutun da aka zaɓa shi ke nuna ko waƙoƙi biyu sun yi kama ko ba su yi ba. Wannan ita ce matsalar da masana suka daɗe suna fama da ita, kuma yanzu ta fito daga jami'a ta shiga kotu da kasuwa.

Mene ne akor?

Wanda ya yi lakwal ya san muryoyin nan bakwai: do, re, mi, fa, sol, la, si. A bisa piyano su ne fararen madannai, kuma a tsakaninsu akwai baƙaƙe biyar, jimla 12 ke nan. Idan aka hau matakan nan 12 sai a sake komowa kan do, amma mai ƙarin tsayi, kamar yadda namiji da mace ke rera waƙa ɗaya, shi a ƙasa ita a bisa. Muryar da aka ɗaga da mataki ɗaya ana ƙara mata kalmar diyez, wadda aka saukar kuwa bemol.

Karin waƙa shi ne muryoyin da ke bin juna ɗaya bayan ɗaya. Akor kuwa, kamar yadda makaɗan gitar ke kiransa, muryoyi ne uku ko fiye da ke tashi lokaci guda su jitu. Do, mi da sol idan suka haɗu sun zama akor na do majer. Idan aka saukar da mi da mataki ɗaya ya koma do miner, wanda kunnen Turawa ke ji kamar mai ɗan juyayi. Yadda akor ke bin akor har waƙa ta je ta komo gida shi ne ilimin jituwar muryoyi, kuma a kansa aka gina kiɗan Turai da na Amurka tun ƙarnoni da dama.

A shekara ta 1722 wani makaɗin Faransa, Jean-Philippe Rameau, ya wallafa littafi inda ya nuna cewa kowane akor yana da tushe, kuma ko an juya shi an sa mi ko sol a ƙasa, akor ɗin na do ne har yanzu. Wajen shekara ɗari bayan haka, tsakanin 1817 da 1821, Gottfried Weber na Jamus ya yaɗa al'adar ba kowane akor lambar Romawa bisa matsayinsa a cikin waƙa: I, IV, V da sauransu, manyan haruffa ga majer, ƙanana ga miner. Amfanin wannan babba ne. Waƙar da aka ɗauko daga do da wadda aka ɗauko daga sol, idan tafiyarsu ɗaya ce, lambobinsu za su fito iri ɗaya.

Daga kunne zuwa lamba

Kwamfuta ba ta da kunne, lissafi kawai ta sani. A shekara ta 1983 kamfanonin kayan kiɗa na Amurka da Japan suka daidaita kan tsarin da ake kira MIDI, wanda ya ba kowace murya lamba daga 0 zuwa 127. Do na tsakiyar piyano shi ne 60. Saboda haka do majer ya zama 60, 64, 67, do miner kuma 60, 63, 67. Wannan ya wadatar idan makaɗi ya danna madannan da ke haɗe da injin.

Wahalar tana ga faifai ko kaset, inda muryar mawaƙi da ganga da gitar suka cakuɗe wuri guda. A shekara ta 1999 Takuya Fujishima, wani ɗan Japan da ke bincike a jami'ar Stanford, ya nuna dabarar da aka daɗe ana bi. Injin yana yanka sautin gunduwa-gunduwa, ya auna ƙarfin kowace murya a cikin kowace gunduwa, sa'an nan ya zuba su cikin kwanduna 12: duk wani do, na ƙasa da na bisa, cikin kwando ɗaya, duk wani re cikin wani. In aka ba do lamba 0, aka tarar kwandunan 0, 4 da 7 sun fi cika, sai injin ya ce do majer ne. A mafi sauƙin tsari sunaye 25 kawai yake da su: majer 12, miner 12, da harafin N, ma'ana babu akor.

Saura kuma yadda za a rubuta sunayen. Makaɗan jaz da nasu salon, malaman makaranta da nasu, littattafan gitar da nasu, har alama ɗaya kan ɗauki ma'ana biyu. Kamar yadda masana suka taru a Bamako a shekara ta 1966 don daidaita haruffan Hausa da na wasu harsunan Afirka ta Yamma, haka a shekara ta 2005, a wani taro a birnin Landan, Christopher Harte da abokan aikinsa suka gabatar da ƙa'ida ɗaya wadda mutum ke iya karantawa, inji ma ya iya. Sun bi al'adar ƙasashe masu magana da Ingilishi, inda do ke zama C, re D, mi E, fa F, sol G, la A, si B. Do majer ana rubuta shi C:maj, la miner A:min, in kuma an juya akor sai a ja ɗan layi a nuna muryar da ke ƙasa. Da wannan ƙa'ida Harte ya rubuta akor na waƙoƙi 180 na ƙungiyar Beatles, daƙiƙa bayan daƙiƙa. A shekara ta 2011 jami'ar McGill ta Kanada ta fitar da irin wannan aiki kan ɗaruruwan waƙoƙin da suka yi tashe a Amurka tsakanin 1958 da 1991. Da waɗannan taskoki da makamantansu aka koyar da injuna masu yawa.

Murya ɗaya tal

A nan ne shari'ar Sheeran ke da darasi. Waƙar Gaye an ɗauko ta daga mi bemol, ta Sheeran daga re, saboda haka ba a iya gwada su sai da lambobin Romawa. Ta Gaye tana tafiya I, iii, IV, V. Ta Sheeran ta yi daidai da ita a akor na farko da na uku da na huɗu. Kan na biyu aka yi ja-in-ja.

In da Sheeran ya bi sawun Gaye sak, da akor ɗinsa na biyu ya ƙunshi fa diyez, la da do diyez, wato 6, 9, 1 a lissafin kwanduna. Abin da yake kaɗawa kuwa shi ne fa diyez, la da re, wato 6, 9, 2. Bambancin murya ɗaya ce, mataki ɗaya. Masanin da masu ƙara suka kawo ya ce akor biyun suna iya maye gurbin juna. Sheeran ya ɗauki gitar a gaban kotu ya kaɗa su duka biyu don a ji da kunne cewa ba ɗaya suke ba.

A ɗauka an miƙa wa kwamfuta wannan tambaya. Idan an koya mata ƙa'idar Rameau da sunaye 25, za ta ce 6, 9, 2 akor na farko ne aka juya, saboda haka waƙar Sheeran I, I, IV, V ce, akor uku ne, ta Gaye huɗu: ba su yi kama ba. Idan an ce ta ƙirga muryoyin da suka yi tarayya, za ta ce biyu cikin uku, wato kama mai yawa. Idan kuwa an ce ta bi muryar da ke can ƙasa kawai, za ta tarar duka biyun suna hawa ta matakai iri ɗaya, ta ce waƙa ɗaya ce. Ma'auni uku, amsa uku, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi a ciki. Wanda ya zaɓi ma'aunin ya riga ya yanke rabin hukuncin tun kafin a kunna injin.

Irin wannan ruɗani ba baƙo ba ne. Do, mi, sol da la idan suka tashi tare, wani malami zai kira su akor na do da aka ƙara wa murya, wani ya kira su akor na la miner. A cikin kwanduna 12 lambobinsu ɗaya ne: 0, 4, 7, 9. Abin da ya gabata da abin da ke biye ne kaɗai ke raba gardama.

Takarda da waƙa

Akwai wani rubutu na biyu da ya yi nauyi a shari'ar. A dokar Amurka, waƙoƙin da aka yi wa rajista kafin 1 ga watan Janairu 1978 ana kare abin da aka rubuta bisa takardar da aka ajiye a ma'aikatar haƙƙin mallaka ne kawai. Saboda haka kotu ba ta gwada waƙar Sheeran da faifan Marvin Gaye ba. An ba kwamfuta takardar 1973 ta kaɗa ta, ta kuma rera ta da muryar inji, wannan masu taya alƙali suka saurara. A ƙarar kamfanin kuma, da masaninsu ya so ya kawo hujja da tafiyar muryar ƙasa, kotu ta hana, don ba a rubuta ta cikin takardar ba.

Duk wanda ya koyi karatun boko ya san wannan hali. Kalmar kuka a rubuce ɗaya ce, amma ta itace dabam, ta hawaye dabam. Gari na zama da gari na tuwo haruffansu ɗaya. Rubutu ya bar hawa da saukar murya da tsawon wasali a baya, mai karatu ne ke mayar da su daga abin da ya sani. Sunan akor ma haka yake. C:maj bai faɗi wace murya ce a bisa ba, bai faɗi ko gitar ce ko piyano ba, bai faɗi nauyin hannun makaɗi ba. Mutum yana cike giɓin da saninsa, inji kuwa abin da aka ba shi kaɗai yake riƙe da shi.

Masu tsara waƙa sun bi wannan shari'a da fargaba saboda abin da ya faru a shekara ta 2015. A lokacin iyalan Marvin Gaye sun yi nasara kan Robin Thicke da Pharrell Williams dangance da waƙar "Blurred Lines", aka ci su sama da dala miliyon 7, alƙali ya rage zuwa miliyon 5 da ƴan kai, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018. Masana da yawa sun ga cewa salon kiɗa ne ya yi kama, kuma salo ba shi da mai shi. Hukuncin 2024 ya ja linzami. Kotu ta ce jerin akor huɗun nan, ko an haɗa shi da yadda yake riga bugun kiɗa faɗowa, ya yi yawa a hannun jama'a, kuma an same shi cikin waƙoƙin da suka girmi ta 1973.

Lissafi ya goyi bayan wannan. Daga muryoyi bakwai na waƙa ana gina akor bakwai na asali. Jera huɗu daga cikinsu, ko da ana maimaitawa, ba ya wuce hanyoyi 2401, kuma kaɗan daga ciki ne kunne ke so. Kamfanin Spotify shi kaɗai ya ce a shekara ta 2023 yana da waƙoƙi fiye da miliyon 100. In aka ba mutum ɗaya mallakar jeri ɗaya, daidai yake da a ba shi mallakar harafin ba ko na ka. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Malamai ma ba su daidaita ba

Ana iya zaton cewa in aka tara ƙwararru za su ba inji amsa guda wadda babu shakka a cikinta. Bincike ya nuna akasin haka. A shekara ta 2011 Trevor de Clercq da David Temperley suka rubuta akor na shahararrun waƙoƙin rok 100, kowa shi kaɗai, suka tarar sun daidaita a kan sama da kashi 90 cikin 100, suka kuma gano cewa bayan akor na I babu wanda ya kai na IV yawa. Amma a shekara ta 2019 Hendrik Vincent Koops da abokansa a ƙasar Holan suka ba ƙwararru huɗu waƙoƙi 50. A kan majer da miner kawai, daidaituwarsu ta tsaya a kashi 73 cikin 100. Da aka shiga sunaye masu zurfi sai ta faɗo zuwa kashi 54.

Injunan da suka fi ƙwarewa kan kai kashi 80 cikin 100 ko sama da haka idan aka gwada su da taskokin da aka saba. Wato sun fi daidaita da takardar gwaji fiye da yadda malamai ke daidaita da juna. Ma'anar wannan ita ce injin ya koyi kunnen mutanen da suka rubuta taskar, da ɗabi'unsu da son ransu. Abin da aka shuka masa shi yake girbewa.

Kiɗan da ba ya shiga tiya

Matakai 12 masu tazara ɗaya tiyar Turai ce, kuma duniya ba da ita kaɗai take awo ba. Kiɗan Larabawa yana da muryoyin da ke faɗawa tsakanin madannan piyano biyu, har babban taron da aka yi a Alƙahira a shekara ta 1932 ya tashi ba a daidaita kan yadda za a auna su ba. Masanan Turkiyya da suka so ba kwamfuta kiɗansu sai da suka raba tsanin kashi 53. Daga shekara ta 2011 wani shiri na jami'ar Pompeu Fabra da ke Barsalona, ƙarƙashin Xavier Serra, ya ɗauki kiɗan Indiya ta arewa da ta kudu, da na Turkiyya, da na Andalus a Magrib, da wasan waƙa na Bejin, ya nemi auna kowanne da ma'aunin masu shi.

A Afirka ta Tsakiya, Simha Arom na Faransa ya yi shekaru yana nazarin waƙoƙin mutanen Aka, inda muryoyi da yawa ke saƙa da juna ba tare da takarda ba. A shekarun 1970 ya riƙa ɗaukar mawaƙa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana sauraron ɗan'uwansa ta abin sawa a kunne, har ya warware saƙar zare-zare. Ya koyi cewa su mawaƙan ne ke iya faɗin ko rerawa biyu abu ɗaya ne ko dabam.

Haka abin yake ga goge da molo da gurmi da kalangu. Igiyar goge ba ta da matakan da aka yanka mata, yatsan makaɗi ke zamewa inda kunnensa ya kai shi. Ginin wannan kiɗa yana kan kari da amshi da bugu da hawa da saukar harshe. Injin da ke da sunaye 25 in aka ba shi irin wannan faifai, ko dai ya liƙa masa sunan da bai dace ba, ko ya rubuta N. Makaɗan gitar na Agadas ma sukan daɗe bisa akor ɗaya, gwanintarsu tana cikin yatsu da bugu. A takardar inji waƙoƙinsu goma na iya fitowa kamar waƙa ɗaya.

Abin da ke gaba

Gaggawar lamarin ta fito ne daga injunan da ke ƙera waƙa da kansu. A watan Yuni 2024 manyan kamfanonin faifai, Universal da Sony da Warner, suka kai ƙarar Suno da Udio bisa zargin koyar da injunansu da waƙoƙin da ba a ba su izini ba. A watan Afrilu 2025 kamfanin Deezer na Faransa ya ce kowace rana ana zubo masa waƙoƙi wajen 20,000 waɗanda inji ya ƙera gaba ɗaya. Babu alƙali ko ma'aikacin da zai iya sauraron wannan ambaliya. Injuna ne za su riƙa tacewa, su nuna wace waƙa ta yi kama da wace, kuma bisa abin da suka nuna kuɗi zai bi wani ya bar wani.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata magabata su riƙe, musamman masu kula da al'adu da ma'aikatar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA. Na farko, duk lokacin da aka kawo lissafin inji a matsayin hujja, a tambayi wane ma'auni aka ba shi, da waɗanne waƙoƙi aka koyar da shi. Na biyu, a rarrabe abin da ke na kowa da abin da ke na mai waƙa, don kada kariya ta zama shinge ga masu tasowa. Na uku, a ajiye sautin waƙa kansa tare da takarda, a kuma rubuta bayanin kiɗan gida da taimakon makaɗansa, da sunayen da su suke ba kari da bugu, tun tsofaffin cikinsu suna raye. Darasin takardar 1973 a fili yake: abin da ba a rubuta ba kotu ba ta gan shi ba. Kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.